Kiɗan Sanɗa a Ɗakin Mai Silima

Duk wanda ya san matar Mai Silima a da, in aka ce masa wata rana za ta koyi tafiya ba a ji motsinta ba, sai ya yi dariya har ya riƙe ciki. Mace ce da ake jin zuwanta tun daga ƙasan bene: awarwaro na kaɗawa a hannu biyu, takalmi na dukan matakala, ga baki da ba ya hutawa. Ta gaisa da mai kanti, ta yi wa mai gyaran takalmi tsiya, ta tsawata wa yaran maƙwabta, duk a numfashi ɗaya. Mijinta ne ya laƙaba mata Rediyo tun suna sabon aure, ya ce tashar da ba ta rufewa ya auro, kuma ya duba ko'ina bai ga wurin kashewa ba. Sunan ya bi ta har 'ya'yanta suka girma suna jin sa.

Ɗinki ne sana'arta. Kekenta na falo kusa da taga, a nan ta ƙare ƙuruciyarta tana ɗinka rigunan makaranta da labule, ta rage wa wannan wando, ta buɗa wa wancan riga. Shi kuwa maigidan mai haska fim ne a babbar silimar bakin titi, wadda yanzu ta zama wurin sayar da katifu. Aikinsa a wani ɗan ɗaki ne can sama, bayan 'yan kallo, daga shi sai na'ura mai zafi da wata 'yar taga da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Bai taɓa kallon fim a zaune kamar sauran mutane ba. Yakan ce shi da kunne yake kallo, kiɗa ne ke gaya masa mugu ya shigo, kiɗa ne ke gaya masa faifai ya kusa ƙarewa. Ya ajiye mata wata kujerar katako a gefen 'yar tagar, ba mai zama a kai sai ita. In ta kai masa abinci, kullum a makare, sai ta zauna ta cika masa kunne da labarin unguwa har fim ya ƙare bai san wanda ya mutu ba.

Da tsufa ya zo masa, ta ƙwaƙwalwa ya fara. Da fari makulli yake mantawa, sai hanyar gida, sai sunayen jikoki. Likita ya faɗi sunan cutar, ya rubuta magani, ya ce a yi haƙuri, kamar shi ma haƙurin a kemis ake sayar da shi. A hankali Mai Silima ya raba wa kowa sabon matsayi. Autarsu, wadda ke zaune tare da su, ya mai da ita ƙanwarsa, yana karɓar abinci a hannunta lafiya lau. Babban ɗansu, wanda kowa ke kira Yaya, ya zama manajan silima, in ya shigo har gyara zama ake yi masa. Ita ce kaɗai ba ta sami gurbi ba. Ya san yana da mata, yana ma cigiyarta, amma matar da yake nema yarinya ce siririya mai dariya da ƙarfi. Wannan tsohuwar da ke shigo masa ɗaki tana taɓa kayansa, a wurinsa ɓarauniya ce.

Wata rana ta shiga canza zanen gado, ya waiwayo ya gan ta da filo a hannu. Ya ƙwala ihu, "Ɓarauniya! Jama'a ku tare ta!" Ya yunƙura zai kama ta, ƙafafun suka ƙi, goshinsa ya daki gefen gado. Da ta durƙusa za ta ɗaga shi, jini na zuba a fuskarsa, tureta yake yi.

A barandar asibiti, bayan an ɗinke goshin, Yaya ya ja ta gefe.

"Mama, ki saurare ni don Allah. In ya sake faɗuwa ba gida za mu dawo da shi ba. Na yi magana da wurin da ake kula da irinsu. Akwai ma'aikata, akwai gado mai shinge."

"Uban naka za a sa a gado mai shinge kamar jariri?"

"Gara shinge da kabari, Mama."

"Ga Auta nan ai."

"Auta tana aiki a kemis daga safe har yamma. Wa zai ba shi abinci da rana? Ke ce. Kuma ganinki ne ke kayar da shi."

Ta juya ta koma ɗakin da aka kwantar da shi. Yaya ma sai da ya tsorata, don tun da aka haife shi bai taɓa ganin uwarsa ta rasa amsa ba.

In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Tun da ganinta ne ke kayar da shi, sai ta yanke shawarar ba zai ƙara ganinta ba, kuma ba inda za a kai shi. Ta cire awarwaron ta zuba a gwangwanin maɓallai. Ta ajiye silifa ta koma safa. Ta ɗauki man keken ɗinki ta ɗiga wa ƙofar ɗakinsa har ta daina kuka. Ta daina shafa turare, don ta lura ƙamshi na sa shi waiwaye. Ta gane wane tayil ne ya saki a bakin ƙofa, ta koyi tsallake shi da tire a hannu.

Lokacin shigarta bayan azahar ne. Auta takan zaunar da shi a kujera kafin ta fita aiki, bayansa ga ƙofa, fuskarsa ga bango. In rana ta karkata, haske kan ratso ta tsakanin labule ya zana wani fari mai kusurwa huɗu a jikin bangon, shi kuwa sai ya ƙura masa ido, ko ƙiftawa da kyar. A nan take lallaɓawa ta yaye zanen gado, ta shimfiɗa wani, ta ɗauke robar fitsari, ta kwashe kaya masu datti, ta ajiye tiren abinci a kan teburin da ke bayan gwiwar hannunsa na dama. In ya juyo ya gani, sai ya ce ƙanwarsa akwai kirki.

Masu zuwa dubiya sukan ce mata mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Ba wanda ya taɓa gaya mata itace nawa dutsen ke ci. Ta gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Ba wankin ba ne, ba girkin ba ne, duk ta saba da su. Tsoron ne. Da ta sa ƙafa a ɗakin sai gabanta ya hau faɗuwa, hannunta ya kama rawa, cokali ya fara buga faranti, tsoron ya ƙaru, rawar ta ƙaru. Takan fito jiƙe da zufa, ta jingina da bangon kicin, ta daɗe kafin ta iya sauke numfashi. Keken ɗinkin ta lulluɓe shi da tsohon labule, don ƙararsa na sa maigidan tambayar waye a gidan. Mai kanti har ya tambayi Auta ko Mama ta yi tafiya.

Ita Auta tana da nata abin rage gajiya. Ranar hutunta takan haɗa wani akwati da talabijin, ta riƙe abin dannawa, ta yi ta wasan gem. Uwar ta sha yi mata faɗa, mace da girmanta tana wasan yara, har ta gaji ta bari. Wata ranar hutu da hantsi, tana ninke kayan wanki a falo, idonta ya kai kan allon. Wani mutum ne cikin baƙaƙen kaya a tsugune bayan akwatuna, masu gadi na zagaye da tocila.

"Wannan me ya sata?" ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa kamar yadda ta saba yanzu.

"Bai saci komai ba, Mama. Wani aka tsare a ciki, zai je ya fito da shi. Abin da ake so kawai kar a gan shi."

"In an gan shi fa?"

"Ki saurari kiɗan."

Ta saurara. Da fari kamar babu komai. Sai wata ganga can ƙasa, a hankali, daidai da bugun zuciyar mutumin da ke riƙe numfashi. Sai goge ya shigo siriri, ya ja sauti ɗaya ya ƙi saki. Mutumin ya rarrafa, kiɗan ya rarrafa tare da shi. Ya tsaya, kiɗan ya tsaya. Wani mai gadi ya ji motsi ya juyo, nan take gogen ya yi sama, gangar ta ƙara sauri, har matar Mai Silima ta ji ta damƙe tawul ɗin da ke hannunta.

"Kin ji ko?" in ji Auta. "Ko ban kalli allon ba, na san an fara zargina. Kiɗan ne ke gaya mini."

Maganar ubanta ce sak, ita kuwa ba ta ma sani ba. Uwar ta ajiye tawul ɗin ta zauna a hannun kujera.

Sai Auta ta yi kuskure, tocila ta haske mutumin. Kiɗan ya fashe gaba ɗaya, ƙahoni da ganguna, kamar an watsar da kwanuka daga saman bene. Ya ruga ya shige cikin wata durowar ƙarfe ya ja ƙofa. Masu gadi suka yi ta dube-dube. Can sai kiɗan ya fara saukowa, ƙahonin suka yi shiru, gogen ya sassauta, ya rage gangar nan ita kaɗai. Mai gadin ya ɗaga kafaɗa ya koma wurin tsayuwarsa kamar ba abin da ya faru.

"Shi ke nan? Ya manta?"

"Ya manta."

"To waɗannan ai cutar Babanku gare su."

Dariya ta kufce mata, ta toshe baki da mayafi tana girgiza, Auta ma ta kifa kai a cinya. Rabon da a yi dariya a falon nan an daɗe. Da dariyar ta lafa, uwar ta share ido ta ce, "Sa mini shi a waya."

"Gem ɗin?"

"Ni me zan yi da gem? Kiɗan."

"Kai, Mama ta zama 'yar leƙen asiri!"

"Uwarki ce 'yar leƙen asirin. Sa mini."

Auta ta sa mata, ta ba ta iyafis mai igiya, abin sauraro da ake sawa a kunne, ta nuna mata inda ake cusa shi a jikin wayar. Kunne ɗaya take sawa, ɗayan ta bar wa numfashin maigidan. Wayar kuwa a aljihun doguwar rigarta.

Ba za a ce gajiyar ta tafi ba, ƙarya ba ta da amfani. Amma hannun ya daina rawa. Ta koyi ɗora ƙafa a kan bugun gangar, ta koyi sakin numfashi inda gogen ya saki. Wani lokaci abin har dariya yake ba ta: ga ta tsohuwa da safa, riƙe da robar fitsari, ana buga mata kiɗa kamar wadda za ta ceto ƙasa guda. Amma abin da ya kama zuciyarta ba wannan ba ne. Mutumin nan na cikin gem, masu gadi ba su san da shi ba, ba mai tafa masa, cin nasararsa ma shi ne a ce ba wanda ya wuce ta nan. Kiɗan kaɗai ya san yana wurin, yana bin sa taki bayan taki, yana tsorata in ya tsorata. Ta yi mamakin a ce akwai mutanen da suka zauna takanas, da goge da ganga, suka tsara wa mai ɓuya kiɗa. Kuma komai tashin da ya yi, a ƙarshe yakan sauko. Wurin saukowar nan ta fi so, har takan mayar da shi baya ta sake ji tana wanke-wanke.

Yaya kan bugo waya da yamma.

"Mama, ya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Ya ci abinci. Bai gan ni ba."

"Madalla. Haka ake so."

Haka ake so ɗin. Takan ajiye wayar ta koma kicin. Mutumin da ta yi shekara arba'in da wani abu tana cika wa kunne, yanzu ranar da ta yi kyau ita ce ranar da bai san tana duniya ba. Tana kewarsa, alhali bango ɗaya ne tsakaninsu.

Ranar da abin ya faru ta tashi da ciwon baya, ga wanki ya taru, ruwa kuma bai zo da wuri ba. Kafin ta gama shanya, rana ta karkata. Ta zuba shinkafa a faranti, ta haɗa shayi, ta cusa iyafis a wayar a gurguje, ta danna kiɗan. Ba ta ji komai ba. Ta san farkonsa shiru ne, amma don ta tabbata sai ta ƙara murya har ƙarshe, ta jefa wayar a aljihu, ta ɗauki tire da hannu biyu. Ashe bakin igiyar bai shige sosai ba.

Ta tsallake tayil ɗin da ya saki. Ta kai tsakiyar ɗaki. Sai gangar ta buga, ba a kunnenta ba, daga aljihunta, ta cika ɗakin.

Ta ƙame. Hannu biyu na riƙe da tire, ba ta da na ukun da za ta kashe wayar. In ta juya da gudu, shayi zai zube, zai waiwayo. In ta tsaya, zai waiwayo. Ta hango gadon nan mai shinge ƙarara kamar an ajiye shi a gabanta.

Kan Mai Silima ya ɗago. Bai waiwayo nan take ba, kunne ya karkata. Gogen ya shigo siriri. Ya dubi farin hasken da ke jikin bango, ya gyara zama, ya sa hannu ya daidaita wuyan rigarsa. Sannan ya juyo, idonsa ya sauka a kanta, tun daga safa har fuska. Tabon ɗinkin na nan a goshinsa.

Ya ɗora yatsa a leɓe.

"Shhh. An fara," ya ce. "Kar ki tsaya a nan, za ki tare haske."

Ya miƙa hannu ya jawo 'yar kujerar da Auta ke zama a kai in za ta ba shi magani, ya matso da ita gefensa.

"Zauna, baiwar Allah. Kujerar matata ce, amma ba komai. Ita kullum a makare take zuwa."

Ta zauna, tiren a kan cinyarta. Kafaɗarsa na dab da tata, har tana jin ɗumin jikinsa da ƙamshin sabulun da ita ta saya. Rabonta da kusantarsa haka tun kafin faɗuwar. Suka fuskanci bango su biyu. Babu komai a cikin hasken sai inuwar gefen labule da ƙura na yawo, amma shi yana kallo yana gyaɗa kai. Ya miƙo hannu bai duba ba, ya ɗauki kofin shayin daga tiren ya kurɓa, kamar yadda yake yi a ɗakin na'ura.

Ta san kiɗan ciki da waje, ta san abin da ke tafe. Gogen ya fara hawa, gangar ta ƙara sauri, ƙahonin na dab da fashewa. Ta ji tsoro kar ƙarar ta firgita shi, ya farka daga inda yake, ya ga ɓarauniya a gefensa. Cokali ya fara buga faranti. Da kiɗan ya fashe sai ta runtse ido.

Hannu ta ji a bayan hannunta, busasshe, mai ɗumi.

"Kar ki ji tsoro," ya ce. "Wannan wurin ba ya daɗewa. Yanzu zai sauko."

Ya kuwa sauko. Ƙahonin suka yi shiru, gogen ya sassauta, ya rage gangar. Bai tashi ba, bai yi ihu ba, har ya ci shinkafar fiye da rabi. Ta gane ba inda Yaya zai kai shi: gobe ma akwai rana, akwai bango, akwai kiɗa a aljihunta. Ta kuma gane da wane suna za ta riƙa shigowa: baƙuwa 'yar kallo, ba matarsa ba.

Lokaci-lokaci yakan waiwaya ya dubi ƙofa. Ta daure, ta yi masa magana, karon farko cikin watanni, muryar har ta dushe don rashin aiki.

"Malam, matar taka wace iri ce?"

Fuskarsa ta washe. "Rediyo? Ai ba sai na gaya miki ba. Tun daga ƙasan bene za ki ji ta. Ki ji daɗin kiɗanki yanzu, in ta zo ba abin da za ki ƙara ji." Ya yi 'yar dariya, ya sake duban ƙofar. "Yau dai ta daɗe."

Ta dubi wuyan hannunta, inda awarwaro suka bar farin zobe a fata.

"Amma fa in ta zo sai ki tashi," ya ce.

"To," ta ce. "In ta zo."

Kiɗan ya ƙare ya koma farko da kansa. Ta gyara tiren a cinyarta, ta ci gaba da zama a kujerarta.